Kalsiyam kashi 58 a dutsen abincin kaji? Duba abin da ke cikin kurusibul ɗinka

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, ina shekarar ƙarshe. Furojet ɗina shi ne auna yawan kalsiyam a cikin niƙaƙƙen laimiston da masu kiwon kaji ke saya suna haɗawa da abincin kajin ƙwai. Na auna gram 0.5, na narkar da shi da asid na HCl, na zuba amoniya da amoniyam okzalet, na tace da takarda, na ƙona a kan murhun Bunsen har ya yi fari, sannan na auna na ninka da 0.7147 kamar yadda aka rubuta mana a takardar furaktikal. Sau uku na yi daga buhu ɗaya, na samu kashi 44, da 51, da 58 cikin 100. Malamin da ke duba aikina ya ce in sake. Ina kuskuren yake? Ko in ɗauki matsakaicinsu kawai in rubuta?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kada ka ɗauki matsakaici, malaminka ya yi maka gata da ya maido ka. Tambayarka guda biyu ce a haɗe: me ya sa lambobin suka yi yawa haka, kuma me ya sa ba su yarda da juna ba. Amsar duka biyun wuri ɗaya take.

Fara da lissafin da ba ya buƙatar shiga lab. Laimiston, in ya kai matuƙar kyau, tsantsar kalsiyam kabonet (CaCO3) ne. Nauyin mol ɗinsa (mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan sinadari da shi) 100.09, na kalsiyam kuma 40.08. Ke nan ko da buhun nan babu ƙwayar yashi ko ɗaya a cikinsa, kalsiyam ba zai wuce kashi 40 cikin 100 ba. Mafi ƙanƙantar lambarka ma ta haye wannan rufin. Duk ɗalibin da zai yi irin wannan aiki, ina so ya san rufin samfurinsa tun kafin ya kunna wuta, don in sikeli ya ba shi abin da ba zai yiwu ba, ya gane nan take.

Me ka ɗora a kan sikeli?

Asalin dabarar mai sauƙi ce. Kalsiyam yana narke a ruwa, ba ka iya auna shi. Sai ka haɗa shi da okzalet, su zama farin garin da ba ya narkewa, wato kalsiyam okzalet, CaC2O4·H2O, ka tace, ka busar ko ka ƙona, ka auna, ka yi lissafi baya. Ƙarfin hanyar gaba ɗaya ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: ka san ainihin sinadarin da ke cikin kurusibul, wato ɗan kofin da ake ƙona garin a ciki, lokacin da kake karanta sikeli. Lambar 0.7147 da ka ninka da ita ta kalsiyam oksayid (CaO) ce, wato 40.08 a raba da nauyin mol ɗinsa, 56.08. Ba ta aiki sai in abin da ka auna CaO ne zalla.

To kalsiyam okzalet ba ya tsallakawa ya zama CaO kai tsaye, hawa uku yake bi. Tsakanin digiri 100 da ɗoriya zuwa wajen 200 a ma'aunin Salsiyas yake sakin ruwan da ke jikinsa ya zama CaC2O4. Daga wajen digiri 400 zuwa 500 ya saki iskar CO ya zama CaCO3. Wannan kabonet ɗin yana zaune abinsa har wajen digiri 600 da wani abu, kuma ba ya gama komawa CaO sai zafi ya haura 800 sosai, ya kuma daɗe a can. Wani masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Clément Duval, ya yi fice wajen zana irin waɗannan matakai da sikelin da ke auna abu yana cikin wuta, kuma har yau da kalsiyam okzalet ake koya wa ɗalibai wannan na'ura saboda matakansa a fili suke.

Harshen wutar Bunsen yana da zafi, amma garin da ke cikin kurusibul na tangaran ba ya samun wannan zafin duka. Gindi ya yi ja, gefe da sama ba su kai ba. Abin da kake samu shi ne gauraye: na ƙasa ya zama CaO, na sama yana nan CaCO3. Kuma dukansu farare ne tas, don haka "har ya yi fari" ba shaida ba ce.

Mu gwada da lambobinka. A ce dutsen yana da CaCO3 kashi 95, misali kawai. A gram 0.5000 akwai gram 0.4750 na kabonet, kalsiyam ɗinsa gram 0.1902, wato kashi 38. In ƙonawa ta tsaya a kabonet, sikeli zai nuna 0.4750. In ta kai CaO cikakke, zai nuna 0.2661. Yanzu juya naka lissafin baya: kashi 44 na nufin ka auna kimanin gram 0.308, kashi 51 kimanin 0.357, kashi 58 kimanin 0.406. Ka ga duka ukun sun faɗa tsakanin 0.2661 da 0.4750. Wanda ya fi daɗewa a wuta shi ya ba ka 44, wanda ka yi gaggawar saukewa ya ba ka 58. Ban ga kurusibul ɗinka da idona ba, amma in har ka ajiye ragowar tokar, ɗiga mata HCl mai ruwa-ruwa. In ta yi kumfa tana tsuwa, kabonet yana nan, magana ta ƙare.

Akwai kuma abu na biyu da ke ƙara nauyin. CaO mayunwacin ruwa ne, kuma yana shan CO2 daga iska. In ka bar shi a buɗe a kan benci ya huce, musamman da damina, kana kallon lambar ƙarshe ta sikeli tana hawa a gabanka. Na sha tsayar da ɗalibai a gaban sikelin don su ga wannan da idonsu, domin wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake barin murfi a gefe.

Wace sura ya kamata ka auna

Zaɓi uku ne na gaske, kuma kayan da ke lab ɗinku su za su yanke hukunci.

In kuna da fanes, wato tanderun lantarki, da ke kai digiri 1000 ko sama, kana iya tsayawa a kan CaO. Ka fara ƙone takardar a hankali ba tare da ta kama da harshen wuta ba, don harshen yana kwashe gari ya tafi da shi. Sannan fanes, sannan desiketa, wato mazubin da ke hana danshi shiga, da murfi a rufe, ka auna da zarar ya huce. Ka mayar wuta, ka sake aunawa, har awo biyu a jere su zo kusa da juna da bambancin da bai wuce miligiram 0.3 ko makamancin haka ba. Wannan maimaitawar ita ce ba ka yi ba, kuma da ka yi ta da kanka za ka gano matsalar, domin za ka ga nauyi yana ta sauka. Takardar kuma dole ta zama marar toka, irin Whatman 40 ko 42. Ta yau da kullum, mai lamba 1, tana barin tokarta a ciki.

In fanes ɗin yana riƙe zafi daidai, to auna shi a matsayin CaCO3 ya fi kwanciyar hankali: digiri 500, kada ya kauce da fiye da 25 sama ko ƙasa, na kimanin awa biyu, a ninka da 0.4004. Kabonet ba ya shan ruwa kamar CaO, ba ka tsere da iska. Wani lokaci yakan fito da ɗan toka-toka saboda ɓurɓushin gawayi, wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Abin lura shi ne a nan an fi son kurusibul mai matata a gindinsa, na tangaran, domin gawayin takarda ba ya saurin ƙonewa a digiri 500. In kana zargin zafi ya zarce, taɓa garin da jiƙaƙƙiyar jar takardar litmos bayan ka auna. Ta koma shuɗiya, an samu CaO. Sai ka jiƙa shi da ɗan ruwan amoniyam kabonet, ka busar a hankali, ka sake aunawa.

Na uku shi ne kada ka ƙona sam. Ka tace ta kurusibul na gilashi mai matata, mai lamba 4, wanda ka riga ka busar ka auna, ka sa a obin a digiri 105 na awa ɗaya zuwa biyu, ka auna CaC2O4·H2O yadda yake. Nauyin mol ɗinsa 146.11, abin ninkawa 0.2743. A misalinmu na sama za ka samu gram 0.6934, nauyi mai auki, wanda kuskuren miligiram ɗaya ba ya girgiza shi kamar yadda zai girgiza 0.2661. Tsofaffin masana suna ɗan yi wa wannan hanya kallon hadarin kaji, suna cewa garin yana riƙe danshi da ragowar amoniyam okzalet. Gaskiya ne in ƙwayoyin sun yi laushi. Amma in an kwantar da shi a hankali yadda zan bayyana, sakamakon yana da kyau. Ga ɗalibin da ake iya ɗauke masa wuta fanes yana tsakiyar aiki, ni wannan nake zaɓa masa. Obin ya mutu, ka kunna in an kawo, ba abin da ya lalace.

Yadda ake kwantar da shi

A tambayarka ka ce ka zuba amoniya da okzalet. In amoniyar ka fara zubawa, sannan okzalet a kai, to nan ma akwai gyara, ko da yake ba shi ya kai ka 58 ba. Zuba okzalet cikin ruwan da ba asid yana sa kalsiyam ya faɗo gaba ɗaya a lokaci guda. Ƙwayoyi ba adadi, kowace ƙanƙanuwa, ruwan ya zama kamar ƙullun koko, ya bi ta takarda ya fita ko ya toshe ta ka wuni kana jiran ɗigo. Ƙananan ƙwayoyi kuma sun fi kwasar datti a jikinsu. Peter von Weimarn, masanin Rasha na farkon ƙarni na 20, shi ya tsara ƙa'idar: iya yadda abin da ke narke ya zarce abin da ruwa zai iya riƙewa a lokacin haɗawa, iya ƙanƙantar ƙwayoyin. Don haka ake so ruwa ya zama mai yawa, mai zafi, kuma abin ya zo sannu-sannu.

Dabarar ita ce a sa okzalet tun ruwan yana da asid. A cikin asid, okzalet yana riƙe da haidurojin ɗinsa, kaɗan ne ke sake, don haka ba abin da ke faɗowa. Sai a riƙa rage asid ɗin a hankali, okzalet yana sakuwa kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin farko suna girma maimakon a yi ta haifar sababbi. A aikace: ka narkar da gram 0.5 da HCl a bika mai murfin gilashi don kumfa kada ta yi tsartuwa da samfurinka, ka tafasa CO2 ya fita, ka ƙara tataccen ruwa zuwa kimanin mililita 200, ka ɗiga metil red, sinadarin da ke sauya launi in asid ya ragu, ka ɗumama zuwa digiri 70 ko 80. Kalsiyam ɗin da ke ciki bai fi milimol 5 ba, wanda gram 0.71 na amoniyam okzalet ya ishe shi a lissafi, amma ana sa rara, kamar mililita 50 na ruwan kashi 4. Sannan amoniya mai ruwa-ruwa, ɗigo-ɗigo, kana juyawa, har ja ya koma ruwan ɗorawa. Metil red yana juyawa ne tsakanin 4.4 da 6.2 a ma'aunin ƙarfin asid, wato pH, kuma kafin nan kalsiyam ya gama sauka.

Wanda ya fi wannan kyau shi ne yuriya. Maimakon amoniya, ka zuba yuriya gram 15 ko fiye, gwargwadon yawan asid ɗin da ya rage, ka rufe, ka bar shi yana ɗan tafasa. Zafi yana farfasa yuriya ta zama amoniya da CO2 a ko'ina cikin ruwan lokaci guda, babu wani lungu da amoniya ta yi yawa. Minti goma na farko za ka ɗauka ba abin da ke faruwa. Can sai ka ga ɗan hazo, sannan ƙwayoyi masu ƙyalli suna sauka gindin bika suna taruwa, ruwan sama garau, launi yana sauyawa daga ja zuwa ruwan lemo zuwa ruwan ɗorawa cikin kamar rabin awa. Irin wannan garin cikin 'yan mintoci yake tacewa. Sai dai ka nemi yuriya ta lab. Ta buhun taki sunansu ɗaya amma ba a yi ta don awo ba.

Kafin ka tace, ka ɗiga okzalet a ruwan saman. In ya yi hazo, da sauran kalsiyam.

Abokan tafiyar kalsiyam

Dutsen da aka haƙo daga ƙasa ba kwalbar sinadari ba ne. Ko na Kalambaina ta Sakkwato ne, ko na Ashaka ta Gombe, ko na Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, wuraren da aka kafa masana'antun siminti saboda shi, za ka same shi da yashi da yumɓu, da ƙarfe da alminiyam, da magniziyam ko yaya. Na kasuwa kuwa an niƙa shi, an zuba a buhu, ya kwana a ƙasa. Abin da bai narke a HCl ba, ka tace shi ka fitar tun farko. In ka bar shi, zai bi okzalet har kan sikeli a ƙirga shi a matsayin kalsiyam. Ƙarfe da alminiyam ana fitar da su da amoniya a ruwa mai zafi da ke da amoniyam kulorayid, su faɗo kamar jan kumfa mai yauƙi, a tace, a sake sa wa ruwan asid, sannan a shiga maganar okzalet.

Magniziyam ne mai wuyar sha'ani. Okzalet ɗinsa ba ya gaggawar faɗowa, yana iya zama a narke na wani lokaci, sannan ya fara manne wa ƙwayoyin kalsiyam okzalet a hankali. Theodore Richards na Jami'ar Harvard, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1914 kan auna nauyin atom, ya yi bincike a kan wannan matsala tun farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne lokaci. Barin gari ya zauna da zafi na rabin awa zuwa awa ɗaya yana gyara ƙwayoyi. Barin sa ya kwana, kamar yadda ɗalibai ke yi in an tashi lab, yana gayyato magniziyam. In dutsen yana da shi da yawa, sai an kwantar sau biyu: a tace, a sake narkar da garin a HCl mai zafi, a maimaita. Wannan ya shafi mai kaji kai tsaye, domin dolomait, dutse mai kalsiyam da magniziyam, CaMg(CO3)2, da ido ba ka raba shi da laimiston, amma kalsiyam ɗinsa kashi 21.7 ne kacal. Kazar da ke ƙwai tana buƙatar kusan kashi 3.5 zuwa 4 na kalsiyam a abincinta. Wanda ya haɗa abinci da dolomait yana zaton kashi 38 ya saya, zai ga ɓawon ƙwai yana laushi bai san dalili ba.

In ka faɗaɗa furojet ɗin zuwa garin ƙashi, ka yi hattara da fosfet. A can ba a bin matakin amoniya na fitar da ƙarfe yadda na faɗa, domin kalsiyam fosfet zai faɗo tare da shi ka yi asarar abin da kake nema. Ana tsayar da pH ne a wajen 4 a kwantar da okzalet a nan. Ɓawon ƙwai da ɓawon kawa ba su da wannan rigimar sosai, kusan duk kabonet ne.

Wanki da tabbatarwa

Kalsiyam okzalet yana narkewa kaɗan, miligiram 6 zuwa 7 a litar ruwa. In ka yi ta kwarara masa mililita 200 kana iya rasa sama da miligiram ɗaya, ruwan zafi kuwa ya fi haka ci. In za ka ƙona, wanke da ruwan amoniyam okzalet mai sanyi na kashi 0.1, domin okzalet ɗin da ke ciki yana hana narkewa kuma wuta za ta kore shi. In busarwa kawai za ka yi a digiri 105, wannan ruwan zai bushe a jikin garin ya ƙara nauyi, don haka ka gama da ruwa mai sanyi ƙarara, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ana gane wanki ya isa in ruwan da ke fita bai yi hazo da silba naitiret ba, amma ka fara sa masa ɗigon asid na naitirik, in ba haka ba okzalet ma zai yi hazo ya ruɗe ka. Kuma kada ka ja ruwan okzalet da baki ta fifet, guba ne. Kalsiyam okzalet ne ma sinadarin yawancin tsakuwar ƙoda.

Kafin ka koma kan buhun, ka gwada hannunka da tsantsar CaCO3 ta lab wadda ka busar a digiri 110. Ka san amsar tun farko: 40.0. In ka samu tsakanin 39.8 da 40.2 sau uku, hannunka ya zauna. Ka kuma yi gwaji guda ba samfuri, da ruwa da sinadaran kaɗai, don ruwan rijiyar burtsatse da ba a tace da kyau ba yana ɗauke da nasa kalsiyam ɗin. Samfurin kansa ka ɗebo daga sama da tsakiya da gindin buhu, ka gauraya, ka niƙa lukui, ka busar kafin awo. Sikeli ya zama mai lamba huɗu bayan ɗigo, ƙofofinsa a rufe, kurusibul ya huce sarai kafin ya hau, kuma da hantsaki za ka ɗauke shi, ba da yatsu ba.

Hanyar tana da iyaka. Ta dace da abin da kalsiyam ya yi yawa a cikinsa, irin dutsenka. Ga ruwan sha ko jini ko ganye, inda miligiram kaɗan ake nema, garin da za ka samu bai kai a dogara da nauyinsa ba, gara taitireshan (awo ta hanyar ɗiga ruwan sinadari har a ga alamar an kai) da sinadarin EDTA, ko na'urar AAS mai awo da haske. Ba ta kuma raba kalsiyam da sitirontiyam, tare suke faɗowa, ko da yake a yawancin laimiston wannan kaɗan ne. Masana'antun siminti da na'urar XRF mai awo da hasken X-ray suke aikin yau da kullum don cikin mintoci take ba da amsa, amma ita ma sai an daidaita ta da samfuran da aka riga aka san abin da ke cikinsu. In kuma fanes da kurusibul mai matata duk sun gagara a makarantarku, ka kwantar da okzalet ɗin yadda na faɗa, ka wanke da ruwan sanyi har rarar okzalet ta fita, ka narkar da shi a asid na salfurik mai zafi, ka yi taitireshan da famanganet: mol 2 na famanganet na cin mol 5 na okzalet, kowane okzalet kuma kalsiyam ɗaya ne. Sai dai a nan ka bar awon nauyi ka koma awon ruwa, don haka ka nemi amincewar malaminka kafin ka sauya, tunda taken furojet ɗin ma zai canza.